Mangala A Kan Babur: Ina Za A Kai Siginar Baya?

Zai yi wuya mutum ya tsaya a bakin kasuwar Illela ranar Lahadi, ko ta Birnin Konni ranar Laraba, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ya ƙirga babura goma masu ɗauke da kaya bai ga wanda siginarsa ta baya ta samu matsala ba. Wani tasa ta karye tana reto a jikin waya, wani an naɗe ta da baƙin salatif tana kallon ƙasa, wani kuwa mai shi ya gaji ya kwance ta gaba ɗaya, sai ramuka biyu suka rage a jikin madigadi. Akwai kuma wanda tasa lafiyarta lau, tana kamawa tana ɗaukewa, amma buhu ya rufe ta ruf, babu mai ganinta sai buhun.

Ba 'yan acaba kaɗai abin ya shafa ba, ko 'yan kabu-kabu kamar yadda ake kiransu a tsallaken Nijar. Da yawa daga cikin masu irin wannan lodi 'yan kasuwa ne da kansu: mai kai tumatir da tattasai, mai sarin atamfa da takalman roba, mai man gyaɗa a jarka, mai burodi da ke zaga ƙauyuka tun da asuba, mai kaji da zabbi. Kowannensu babur ɗin nan shi ne motarsa, shi ne shagonsa, wani ma shi ne rabin jarinsa. Mu da muke aikin gidan rediyo a wannan yanki na bakin iyaka, sanarwar haɗari ba baƙuwa ba ce a wurinmu, musamman da yammacin ranakun kasuwa in an tashi ana rige-rigen isa gida kafin duhu. Shi ya sa muka ga ya kamata a ba wannan 'yar ƙaramar fitila haƙƙinta na magana.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Illela da Maigatari suna cikin na farko da aka buɗe a Disambar 2020, ita kuwa Jibiya sai a Afrilun 2022. Ba a jima ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙame iyakar har zuwa watan Maris na 2024. A duk waɗannan lokuta manyan motoci sun yi layi sun tsaya, amma ciki ba ya jiran a buɗe iyaka. Iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 ta ratsa ne ta tsakiyar dangi, gonar wani tana nan kasuwarsa tana can, don haka ƙananan kaya suka ƙara komawa bayan babur. Da aka buɗe kuwa ba su sauka ba, domin wanda ya saba da kai kayansa da kansa ba ya son komawa zaman jiran mota ta cika.

A taƙaice dai babur ya gaji jaki. Kuma dabarar da aka yi wa jaki ita ake yi masa. Kakanninmu da suka yi fatauci sun san ba a tula wa jaki kaya a gadon baya a bar shi yana tangaɗi. Mangala ake sa masa, rabi nan rabi can, nauyin ya daidaita kuma ya sauko ƙasa. Haka abin yake ga babur. Kayan da aka jibga a kan kariya ya yi tsawo, ya kuma zarce bayan tayar baya, yana ɗage gaban babur ya rage wa tayar gaba riƙon ƙasa. Duk wanda ya taɓa shiga rairayi da irin wannan lodi ya san yadda kan babur ke rawa a hannunsa. Amma idan aka raba kayan gida biyu aka rataya su a gefe, babur ya fi zama, ya fi jin birki, ya kuma fi sauƙin riƙewa in an tsaya. Saboda haka mu ba mu ga laifin masu rataya kaya a gefe ba. Sun fi masu gina hasumiya a kan kariya gaskiya.

Matsalar ita ce, kamfanonin da ke ƙera waɗannan babura a Indiya da Sin, irin su Bajaj mai Boxer, da TVS, da Haojue, da Jincheng, galibi sun dasa siginar baya ne a gefen madigadi, ƙarƙashin kariya, daidai inda buhu ko jarka za ta kwanta. Wuri ɗaya, masu so biyu. Sigina kuwa roba ce da 'yar waya da ƙwan fitila, ita kuma jarka mai lita 25 in an cika ta da man girki tana kai kilo 23, in ruwa ne kilo 25 cif. A haɗa wannan nauyi da gargadar hanya, a kuma haɗa da igiyar roba da aka ja aka ɗaure da ƙarfin tsiya, ba sai an tambayi wanda zai yi nasara ba.

Wasu sukan ce ai da hannu ma ana ba da sigina, tun kafin a san fitila. Gaskiya ne, amma a duba da kyau. Hannun dama shi ke riƙe da totur da birkin gaba, ba ya sakuwa. Na hagu shi ke kan kuloci, kuma daidai lokacin da mutum zai karya kwana ne yake buƙatarsa don rage giya. To mutumin da ke ɗauke da buhu biyu a gefe da wani a sama, yana gab da sauka daga kwalta zuwa burji, da wane hannun zai nuna? Ko ya ɗaga, in magariba ta yi babu mai ganinsa. Ita siginar baya ba don mai babur aka yi ta ba, shi ko ganinta ba ya yi. An yi ta ne don direban da ke biye da shi, kuma a hanyoyinmu wannan direban sau da yawa na tirela ne ko na babbar motar shanu, wanda ko ya taka birki da dukan ƙarfinsa sai motar ta yi tafiya mai nisa kafin ta tsaya. Sanarwar daƙiƙa uku ko huɗu ita ce abin da yake nema.

Tun watan Afrilun 1972 da Najeriya ta yi canjin hannu ta koma tuƙi ta dama kamar maƙwabtanta, hannu ɗaya muke bi da Nijar. Ma'anar wannan ita ce, a ko'ina a yankin nan kwanar hagu ce mai haɗari, domin ita ke sa mutum ya ratsa titi, kuma ta hagun ne na baya yake fitowa in zai wuce. Mai babur ya karya hagu zai shiga ƙauyensu, direba ya fito hagu zai wuce shi, ba wanda ya gaya wa wani. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara.

To ina za a kai siginar? Amsar da ta fi sauƙi ita ce a mayar da ita can ƙarshen babur, gefe da gefen lamba, inda kaya ba ya kaiwa. Ba kuma da ka ake yi ba, akwai ma'auni. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilun babur, wadda masana'antu da dama ke bi, ta ce tsakanin siginar hagu da ta dama a baya kada ya gaza santimita 18, tsayinsu daga ƙasa kada ya gaza santimita 35 ko ya wuce 120, kuma kada su shige ciki fiye da santimita 30 daga ƙarshen babur. Wanda ba shi da abin awo, ya tabbatar akwai aƙalla taƙi guda na babban mutum tsakanin fitilun biyu. Dalilin tazarar a fili yake. Idan aka matse su jikin danja, daga nesa sai su haɗe su zama haske ɗaya, na baya ya ga wani abu yana ƙyaftawa amma bai san ko hagu ne ko dama ba. Mun sha ganin wannan a baburan samari masu son kwalliya.

Aikin ƙarfen ba shi da yawa. Falle ɗaya ne na ƙarfe mai ɗan kauri, tsawon kamar santimita 30, a huda shi a tsakiya daidai da ramukan notin lamba, a kuma huda bakinsa biyu inda siginonin za su zauna. A ɗaure shi ta bayan lamba, ba ta gabanta ba, don kada ya rufe ko harafi ɗaya. Mu a ganinmu ɗauri da noti ya fi walda, saboda ranar da babur ya faɗi ƙarfen ya lanƙwashe, sifana kawai za a sa a kwance a miƙe shi. A sa washa ta roba a tsakani, ko da yankakken tsohon tif ne. Ba a banza kamfani ya yi wa sigina wuya na roba ba: girgiza ce ke tsinka siririn zaren da ke cikin ƙwan fitila, kuma ƙarfe a kan ƙarfe ba ya shanye girgiza.

In kuwa dole sai an yi walda a jikin babur, to a cire wayoyin batir tukuna, a zare soket na ɗan akwatin wuta da ake kira CDI, domin wutar walda tana iya ƙona shi, sannan a nisanta tartsatsi daga tanki da tiyon mai. Mai walda na gaggawa, ga layi na jiransa ranar kasuwa, ba lallai ya tuna ba. Mai babur ne zai tuna masa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen waya, don haka a nan za mu ɗan daɗe. Tunda sigina ta matsa baya, wayarta ba za ta kai ba, sai an yi ƙari. Abin da aka saba shi ne a feƙe bakin waya da haƙori ko reza, a murɗa ta da wata, a naɗe da salatif, a ce an gama. Wannan haɗin yana iya yin wata ɗaya ko biyu. Daga nan zafin rana ya narkar da gam ɗin salatif ya saki, ƙura ta shiga, damina ta zo ruwa ya shiga, wayar ta yi tsatsa ta koma kore. Sai sigina ta fara wasa, yau ta kama gobe ta ƙi. Mafi muni shi ne tsirarar wayar ta taɓa ƙarfen babur ta yi tartsatsi. Wanda ke ɗauke da jarkar fetur a gefe, ko da ta injin ban-ruwa ce ko ta janareto, ya san abin da tartsatsi ɗaya zai iya yi. Haɗi na gari shi ne wanda aka liƙa da dalma, aka zura masa 'yar rigar roba mai tsukewa in ta ji zafi, ko kuma a yi amfani da 'yan soket irin na asali masu shiga juna. Duk mai gyaran rediyo ko wayar hannu yana da dalma, ba abin a je birni ba ne. Wayar ƙarin kuma ta kasance kaurinta ɗaya da ta asali, ta jan ƙarfe, ba siririyar wayar tsohuwar caja ba.

Kafin a yanke komai, a sa alama. A baburan Honda da yawancin na Sin da aka kwaikwaya daga gare su, waya mai ruwan lemo ita ce ta hagu, mai shuɗi-shuɗi mai haske ita ce ta dama, koriya kuma ita ce ta komawar wuta, wadda makanikai ke kira at. Sauran kamfanoni kowa da launinsa, kuma babur ɗin da ya bi ta hannun masu gyara biyar ba a rantsuwa da launin wayarsa. Hanya mafi tabbas ita ce a kunna siginar hagu, a ga wadda ta kama, a ƙulla wa wayarta zare, sannan a yanke. Sigina da aka juya, mutum ya nuna hagu a gaba bayansa yana nuna dama, ta fi rashin sigina sharri, domin wannan ƙarya ce ake yi wa na baya, shi kuma ya gaskata.

Sai maganar at ɗin. Wasu siginoni waya biyu gare su, wasu kuwa ɗaya ce, wutar tana komawa ne ta jikin notin da aka ɗaure su da shi. Irin waɗannan na biyun, da zarar an ɗora su kan sabon ƙarfe mai fenti, ko mai tsatsa, ko wanda aka sa wa roba a tsakani kamar yadda muka ba da shawara, hanyar komawar wuta ta toshe. Alamarsa ita ce fitilar ta yi dishi-dishi, ko ta ƙi kamawa sam, wani lokaci ma a ga danja tana ƙyaftawa tare da ita. Maganinsa a ja waya ta musamman daga jikin siginar zuwa wayar at ta babur, ko zuwa wani noti a jikin firam da aka kankare ya yi fes.

Hanyar da wayar za ta bi ma abin lura ce. A bi da ita ta jikin firam, a ɗaure ta wuri-wuri, a bar mata ɗan sassauci don kada ta yi tsam kamar tsirkiya. Wanda ya bi da ita ta ƙarƙashin madigadi, ya tuna cewa babur ɗin da babu kaya daban yake da mai kaya. In an yi lodi shokazoba ta nutse, tazarar da ke tsakanin taya da madigadi raguwa take yi, in kuma aka faɗa rami taya na iya shafar wayar ta cinye ta. Inda waya za ta ratsa ramin ƙarfe a sa mata roba, don bakin ƙarfe wuƙa ne a hankali. Fis kuma in ya ƙone, yana ba da labari ne cewa wani wuri waya ta taɓa ƙarfe. A nemo wurin. Masu maye gurbinsa da guntun waya ko takardar kwalin taba suna kashe mai gadi ne don ya hana su barci.

Da yawa in sun zo wannan gyara sukan ce bari a sa sabbin 'yan ƙananan fitilun nan na LED, tunda ba su da girma kuma suna jure girgiza. Ba laifi, amma akwai abin sani. Ƙwan siginar ƙananan babura galibi mai wat 10 ne, kuma filasha, wato 'yar na'urar da ke sa fitila ta riƙa kamawa tana ɗaukewa, an yi ta ne daidai da wannan jan wuta. LED ba ta jan wuta sosai, don haka sai filashar ta rikice, ko ta riƙa bugawa da sauri kamar zuciyar wanda ya yi gudu, ko fitilar ta tsaya kunne ba ƙyaftawa. Abin da aka amince da shi shi ne ƙyaftawa 60 zuwa 120 a minti ɗaya, wato sau ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa. In ta kauce wa haka, a sauya filasha da irin wadda aka yi don LED. A kuma gwada hasken da rana tsaka, domin akwai masu araha da suke da kyau a cikin shago, amma a rana ba a ganinsu daga taku goma. Launi kuma ya zama ruwan ɗorawa. Shuɗi da fari da mai sauya launi bakwai na gidan biki ne, direba bai san ma'anarsu ba.

Akwai kuma masu yawo babu batir, ko da mataccen batir, tunda da ƙafa suke tayar da babur. A yawancin baburan nan sigina daga batir take sha. In ya mutu, sai ta riƙa kamawa in an ja totur, ta mutu in an sassauta, alhali lokacin da aka sassauta don shan kwana ne ake buƙatarta.

Tunda an riga an je wurin mai walda, ya kamata a yi wa kayan gefen nasu ƙarfen, wanda zai tare buhu kada ya shiga taya. A yawancin baburanmu salansa tana dama, sarƙa tana hagu, kowane gefe da nasa haɗarin. Buhun leda da ya kwanta a kan salansa narkewa yake yi, jarka kuma hujewa, shi ya sa ake barin tazara ta aƙalla yatsu huɗu ko a sa faranti a tsakani. A hagu kuma bakin buhu ko jelar igiya in ta shiga sarƙa, tayar baya tsayawa take yi cak ana cikin gudu. Faɗin kaya kada ya wuce faɗin kan babur sosai, domin mai tuƙi da hannayensa yake auna inda zai wuce, yana mantawa da cewa bayansa ya fi gabansa faɗi. Nauyin gefe biyun kuma ya zo daidai. Mai jaki yakan ƙara dutse a gefen mangalar da ya yi sauƙi. Mai babur ya raba kayansa tun a kasuwa.

Ta fuskar hukuma, ɗan kasuwar bakin iyaka yana amsa tambayar ƙasa biyu ne a rana ɗaya. A nan ga 'yan sanda da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, a can ga jandarma da 'yan sandan Nijar. Dukansu suna da hurumin tsayar da abin hawan da fitilunsa ba sa aiki ko wanda lambarsa ta ɓuya. Kowa ya san yadda tsayuwa a shinge take: tumatir na cikin rana, abokin ciniki na jira, magana na tsawo. Wanda takardunsa suka cika, bai kamata ya bar karyayyar sigina ta zama ƙofar da za a shigo masa ta ita ba. Kuɗin gyaran gaba ɗaya, da ƙarfe da waya da ladan mai aiki, bai kama ƙafar kuɗin sabuwar taya ba.

In an gama aiki, kada a gwada babur a tsirara a ƙofar makaniki a tafi. A ɗora masa irin lodin da aka saba, a ɗaure yadda aka saba, mai shi ya hau. Sannan yaro ko abokin tafiya ya koma baya kamar taku ashirin, ya duba ta tsakiya, ya matsa hagu ya duba, ya matsa dama ya duba, domin mai fitowa zai wuce ba ta tsakiya yake kallo ba. A kunna hagu ya faɗi abin da ya gani, a kunna dama, a taka birki a ga danja ta kama ba ta ja siginar ba. A danna bayan babur da ƙarfi sau biyu ko uku a saurara ko taya na taɓa wani abu. Bayan kasuwa biyu ko uku a sake bin notocin da sifana, don sabon ɗauri yana saki a hanyar burji. Lokacin hunturu kuma, da yake siginar ta koma daf da inda taya ke watso ƙura, a riƙa goge ta da tsumma kafin a baro kasuwa.